Ƙarin Ruwa a Asibiti: Amfaninsa da Iyakarsa

Jawabi ga masu koyon karatu a Dutse

 

Abin da za mu yi magana a kansa yau, kusan kowa ya taɓa ganinsa. Duk wanda ya je dubiya Asibitin Rasheed Shekoni, ko Babban Asibitin Dutse, ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, ya ga majiyyata kwance, ga wani ƙarfe tsaye gefen gado, an rataye leda ko gora cike da ruwa garau, ga siririyar roba ta sauko har bayan hannun majiyyaci, ruwa na ɗiga ɗis, ɗis. Shi mu ke kira ƙarin ruwa.

Mutane da yawa sun ɗauke shi maganin kowace cuta. In mutum ya ji kasala sai ya ce a yi masa ƙarin ruwa. In an kai maras lafiya asibiti, likita ya duba shi ya ba shi ƙwayoyi ya sallame shi, sai dangi su koma gida suna gunaguni, wai ba a kula da shi ba, tun da ko leda guda ba a sa masa ba. Waɗansu kuma da sun ga an rataye leda sai gabansu ya faɗi, su ce ai ciwo ya gagara, su nemi ɗauke ɗan'uwansu su kai shi gida. Da waɗannan da waɗancan, abu guda ke damunsu, watau rashin sani, wanda ya fi dare duhu. To, ku kasa kunne ku ji yadda abin ya ke.

Sukarin da ke cikin jini

Fitila ba ta ci sai da mai, murhu ba ya ci sai da itace. Haka jikin ɗan Adam ba ya motsi sai da abin da zai ƙona. Tuwon da muka ci, da fura, da rogo, da dankali, da shinkafa, in sun shiga ciki sai hanji ya narkar da su, ya mai da yawancinsu wani irin sukari wanda likitoci ke kira gulukos. Shi ne kuma ke cikin zuma, shi ne ke cikin dabinon nan da Dutse ta yi suna a kansa. Daga hanji sai ya shiga jini, jini kuwa ya kai shi kowane lungu na jiki, a ƙona shi a sami ƙarfi da ɗumi.

Ga abin mamaki. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, amma gulukos ɗin da ke yawo cikinsa duka bai fi cikin ƙaramin cokalin shayi guda ba, watau giram 4 ko 5. Ƙwaƙwalwa kuwa ita kaɗai ta kan cinye wajen giram 120 kowace rana, ga shi ba ta da wurin ajiya. Saboda haka tilas a riƙa zuba wa jini sukari kaɗan kaɗan, dare da rana, ba fashi.

Wa ke wannan aiki? Hanta ce. Ita ce rumbun jiki. Sa'ad da mutum ya ci ya ƙoshi, ta kan kwashe rarar sukari ta adana, har wajen giram 100. Sa'ad da ciki ya zama wayam, sai ta buɗe rumbu ta riƙa aunowa. Wani masani Bafaranshe, Claude Bernard, shi ya gano wannan ajiya a shekarar 1857. Abin da ke rumbun ya kan kai mutum wajen yini da kwana, kafin ya ƙare kuwa hanta ta fara ƙera sabon sukari daga waɗansu abubuwa na jiki. Shi ya sa lafiyayyen mutum ke kai azumi har magariba bai faɗi ba.

Amma akwai cututtukan da kan karya wannan shiri. In sukarin jini ya faɗi ƙwarai, ƙwaƙwalwa ce ke fara jin jiki. Mutum ya kama gumi da makyarkyata, ya ji jiri, ya riƙa magana ba kan gado, daga nan ya suma, ko ya kama jijjiga. Waɗansu kan ce iskoki ne suka taɓa shi, a tsaya turare da tofi, alhali kuwa sukari ne ya ƙare masa. In aka daɗe a haka ƙwaƙwalwa ta kan lalace, ko a rasa mutumin ɗungum. A asibiti, da ɗigon jini guda daga ɗan yatsa a ke gane wannan, cikin abin da bai kai minti guda ba. In aka sa masa gulukos ta jijiya, sau da yawa kafin a jima sai a ga ya buɗe ido ya gane mutanensa.

Me ke cikin ledar?

Ledar da aka fi rataya rabin lita ce, daidai da ledar ruwan sha da a ke sayarwa a tasha. Ruwan cikinta an tace shi, an dafa shi har babu ƙwayar cuta ko guda. Mai gulukos ɗin da aka fi amfani da ita, kashi 5 cikin 100 ne sukari, watau giram 25 a leda guda. Akwai mai kashi 10, akwai kuma mai kauri ƙwarai, mai kashi 50, wadda a ke ɗiba da sirinji a ba wanda sukarinsa ya faɗi farat ɗaya.

Wani zai tambaya, in ruwa a ke so a ƙara wa mutum, me ya hana a sa masa ruwa zalla? Ku dubi wake in an jiƙa shi, ai kumbura ya ke yi. Ƙwayoyin jini kamar 'yan mitsi-mitsin salkuna su ke. In aka zuba ruwa zalla cikin jijiya, sai ya kutsa cikinsu, su kumbura su fashe. Amma in an gauraya ruwan da sukari ko gishiri daidai gwargwado, sai kaurinsa ya zo kusa da na jini, ƙwayoyin su zauna lafiya. Bayan ya shiga, jiki ya ƙone sukarin, ruwan ya bazu inda a ke bukatarsa. Ashe gulukos ɗin nan aiki biyu ya ke yi: yana riƙe sukarin jini kada ya faɗi, yana kuma yi wa ruwa rakiya ya shiga jiki ba ɓarna.

Waɗanda a ke yi wa

Na farko, wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar, musamman ƙananan yara da mata masu ciki. Kowace damina ɗakunan yara a asibitocinmu kan cika da irinsu. Yaron ya ƙi abinci, yana amai, zazzaɓi na ƙone sukarinsa, ƙwayoyin cutar su ma suna ci daga ciki, ga rumbunsa ƙarami. Amma ku lura, gulukos ba ya kashe ƙwayar zazzaɓi. Allurar maganin zazzaɓin ce ke kashe ta, gulukos kuwa ya riƙe yaron har maganin ya ci.

Na biyu, jariri sabon haihuwa wanda ya zo bakwaini, ko ya zo ƙarami ainun, ko ya kasa kama nono, ko uwarsa na da ciwon sukari. A manyan ɗakunan haihuwa, irin na Babban Asibitin Jahun inda likitocin ƙungiyar MSF suka fara aiki a 2008, auna sukarin irin waɗannan jarirai yana cikin ayyukan yau da kullum.

Na uku, wanda za a yi wa tiyata ko aka riga aka yi masa. A kan hana shi ci da sha kafin aiki, domin kada ya yi amai yana cikin barcin magani, aman ya faɗa masa huhu. Bayan aikin ciki kuma hanji ya kan yi sanyi, ya ɗan jima bai motsa ba. Duk wannan lokaci ta jijiya a ke shayar da shi.

Na huɗu, wanda bakinsa ya rufu: wanda ya suma, da wanda ba ya iya haɗiya, da mace mai laulayi mai tsanani wadda ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo.

Na biyar, mai ciwon sukari wanda magani ya yi masa yawa. Wannan zai ba ku mamaki, amma haka ya ke. In ya sha ƙwayarsa ko ya yi allurar insulin, sa'an nan bai ci abinci ba, maganin ya kan kwashe sukarin jininsa har ya faɗi. Saboda haka mai wannan ciwo ya shawarci likita tun kafin watan azumi ya kama.

Har wa yau a kan yi amfani da ledar a matsayin abin hawa. Akwai magungunan da in an tura su cikin jijiya gaba ɗaya za su yi lahani, sai a zuba su cikin leda su riƙa shiga sannu sannu.

In kun duba duk waɗannan, za ku ga abu guda ya haɗa su. Ko dai bakin mutum ya kasa aiki, ko kuwa abin ya yi gaggawar da ba za a jira ciki ya narkar ba.

Leda ba akushi ba ce

Yanzu mu yi ɗan lissafi. Mun ce leda guda tana da giram 25 na sukari. Wannan daidai ya ke da ƙaramin cokali 6, ko abin da ke cikin dabino biyar ko shida. Babban mutum in za a ciyar da shi yini guda da irin wannan leda kaɗai, sai an rataya masa wajen guda 20, watau lita 10, abin da jikinsa ba zai ɗauka ba. Kuma ko an yi haka, babu abin da ke gina tsoka a ciki, irin wanda ke cikin wake da nama da nono da ƙwai. To, mutumin da ke iya zama ya sha kofin kunun gyaɗa, in ya biya kuɗi aka huda hannunsa domin ya sami ƙarfi, ya sayi abu kaɗan da tsada.

Ƙarin ruwa kuma ba ƙarin jini ba ne. Macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, ko yaron da zazzaɓi ya shanye wa jini har tafin hannunsa ya yi fari, leda ta kan riƙe su na ɗan lokaci ne kawai. Abin da su ke bukata jini ne, sai 'yan'uwa su daure su bayar. Ledar nan kuma da ku ke gani ruwanta rawaya, wadda a ke cewa ta fi ƙarfi, yawanci sinadarin bitamin ne aka zuba mata ya rina ta.

Ba kowace leda ce mai sukari ba

Ledoji sun yi kama da juna a ido, amma cikinsu daban daban. Akwai mai gishiri zalla, giram 9 cikin lita. Akwai mai gishiri iri iri wadda a ke kira da sunan Ringer, wani likitan Ingila, da Hartmann, wani likitan yara na Amurka wanda ya gyara haɗin a 1932. Akwai kuma mai gishiri da sukari tare. Likita ne ke zaɓen wadda ta dace da ciwon.

Asalin wannan dabara ma daga ruwan gishiri ne. A shekarar 1832 annobar amai da gudawa, watau kwalara, ta auka wa Ingila da Sikotilan. Wani likita mai suna Thomas Latta, a garin Leith, ya karanta binciken da ya nuna jinin masu cutar ya rasa ruwa da gishiri. Sai ya haɗa ruwan gishiri ya ɗura cikin jijiyar wata tsohuwa wadda ta ke bakin mutuwa. Tsohuwa ta farfaɗo har ta yi magana. Amma bayan ya tafi ciwon ya komo, ba a sake yi mata ba, ta rasu. Waɗansu da ya yi wa daga baya sun rayu. A zamanin ba a san ƙwayoyin cuta ba, balle a tsabtace ruwa da allura, saboda haka aka yi shekaru da yawa an yar da dabarar, sai da ilmi ya ƙaru aka komo kanta.

Mu ma nan mun san wannan annoba. A 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, tare da Bauchi da Kano da Zamfara. Mai kwalara ruwa da gishiri ke tsiyayewa daga jikinsa, har idanunsa su faɗa, fatarsa ta yamushe. In aka sa masa ledar sukari zalla ba ta mayar masa da abin da ya rasa, sai mai gishiri. Wanda bai san wannan bambanci ba, in ya rataya leda, yana iya ganin ruwa na shiga, majiyyaci kuwa na tafiya.

Ƙofar da Allah ya yi

Wajen 1960 masana suka gano wani abu game da hanji. Akwai wata ƙofa a jikinsa wadda gishiri ba ya shiga ta cikinta sai tare da gulukos, in sun shiga kuwa ruwa ya bi bayansu. Wannan ƙofa ko kwalara ba ta rufe ta. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, annoba ta faɗa wa 'yan gudun hijira a wani sansani cikin Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da gulukos cikin ganguna, dangi na shayar da majiyyatansu da kofi. Da farko wajen mutum 30 cikin 100 ke mutuwa, sai abin ya sauko bai kai 4 ba.

Wannan shi ne ruwan gishiri da sukari da a ke ba ku cikin ƙunshi a asibiti, wanda a ke kira ORS. Ku ajiye shi a gida kamar yadda ku ke ajiye ashana. A zuba ƙunshi guda cikin ruwa mai tsabta gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa. In babu shi, a sami ruwa lita 1 wanda aka tafasa ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, ba tozo, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba maras lafiya kaɗan kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya yini a zubar, a dama sabo. Mai shayarwa kada ta janye wa ɗanta nono. Yawancin masu gudawa wannan ya ishe su, ba su bukatar a huda su.

Inda haɗari ya ke

Abin da ya shiga ta baki, ciki ya kan tace shi, in ya yi yawa ya dawo da shi. Abin da ya shiga ta jijiya kuwa ya shiga ke nan, ba a iya kwaso shi. Mai ciwon zuciya ko ciwon ƙoda, in ruwa ya yi masa yawa sai ya taru a huhunsa, numfashi ya gagara, kamar wanda ya nutse a kogi alhali yana kan gado. Haka mai cikin da hawan jini ya kumbura ta. Yaro mai tamowa zuciyarsa ba ta da ƙarfi, shi ya sa likitoci suka fi son shayar da shi ta baki ko ta robar hanci. Mai ciwon sukari wanda bai san yana da shi ba, in aka ɗura masa gulukos an ƙara wa wuta itace. Wanda ya bugu a ka, ledar sukari zalla tana iya ƙara masa kumburin ƙwaƙwalwa. Ga kuma ramin allurar kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In hannun mai sawa ko allurarsa ba tsabta, an buɗe wa cuta hanya har cikin jini.

Saboda haka a ke ƙidaya ɗigon nan. A yawancin robobin da a ke sa wa manya, ledar rabin lita ɗigo 10,000 ce. In likita ya ce ta shiga cikin awa 8, sai ma'aikaciyar jiyya ta daidaita ta a kan ɗigo 21 kowane minti. Na yara kuwa da nauyin jikinsu a ke aunawa. Wannan lissafi ba na mai kantin magani ba ne, ba kuma na wanda ke bi gida gida da leda cikin jaka ba.

Gargaɗi ga masu jiyya

Ga abin da na ke roƙonku ku riƙe.

1. Kada ku matsa wa likita ya sa leda. In ya ce majiyyaci ya sha ta baki, albishir ne ya yi muku.

2. In kuwa ya ce a sa, kada ku ƙi, kada ku yi jinkiri. Ku tambaye shi wace iri ce, domin me kuma. Tambaya ba raini ba ce.

3. Ku gaya masa tun da fari in majiyyaci na da ciwon sukari, ko na zuciya, ko na ƙoda, ko hawan jini, da irin maganin da ya ke sha.

4. Kada mai jiyya ya taɓa 'yar tayar da ke jikin roba wai don leda ta ƙare da wuri a tafi gida. Sannu ba ta hana zuwa.

5. Ku kira ma'aikatan jiyya nan da nan in wurin allura ya kumbura ko ya yi ja, ko ruwa ya tsaya, ko leda ta kusa ƙarewa, ko majiyyaci ya kama rawar sanyi, ko numfashinsa ya yi sama sama.

6. Wanda ya suma a gida, kada a ɗura masa ruwa ko kunu, gama zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a shafa masa ɗan jiƙaƙƙen sukari ƙarƙashin harshe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa.

7. Yaron da ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da kome, ko ya yi jijjiga, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, kada a kwana da shi a gida.

Jama'a, ƙarin ruwa gada ce da a ke kafa wa maras lafiya ya ƙetare kwanakin da bakinsa ya kasa. Ta ceci rayuka masu yawa, tana kuma ceto kullum a asibitocinmu. Amma ranar da majiyyaci ya tashi zaune ya ce a ba shi kunu, aka zo aka zare masa allura, ran nan ce ranar murna. Ku da Allah ya ba ku karatu, ku karanta wa na gida wannan, ku gaya wa maƙwabta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Amin. Wassalam.